Wayarka tana ɗaukar zafi? Ga abin yi tun kafin batir ya kumbura

Bazara ta shigo, kuma ba mutane da dabbobi kaɗai take wahalarwa ba. Duk wanda ya leƙa rumfar mai gyaran salula a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai a watannin Afrilu da Mayu, zai ji kuka iri ɗaya: waya tana zafi kamar dutsen guga, caji ba ya daɗewa, wani lokaci ta mutu da kanta ana tsakiyar magana.

Abin ba na wasa ba ne. A ƙauyuka da yawa waya guda ce ta haɗa gida duka da ɗansu da ke bida a Abijan, Kwatano, Legas ko Libiya. Ta nan saƙon kuɗi ke shigowa, ta nan ake jin farashin hatsi da na bisashe, ta nan ake sanar da haihuwa da rasuwa. In ta lalace, sai an sayar da akuya ko buhun wake kafin a maye gurbinta. Alhali mafi yawan zafin waya ana maganinsa ba tare da an kashe ko dala ba, in dai an san inda yake fitowa.

Me ya sa wayoyinmu suka fi shan wahala?

Kamfanin Apple da ke ƙera iPhone ya rubuta cewa an yi wayoyinsa ne don su yi aiki a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 0 da 35. Samsung ma haka ya faɗa game da nasa. To ku duba ƙasarmu: a bazara, da rana tsaka, zafi yakan wuce digiri 40 a cikin inuwa, wasu ranaku ya kusanci 45. Ke nan tun kafin ka taɓa wayar, ta riga ta wuce iyakar da masu ita suka yanka mata. Tecno, Itel da Infinix da suka fi yawa a hannun jama'a, su ma irin wannan batir ɗin ne a cikinsu, ba su tsira ba.

Abu na biyu, waya ba ta da fanka kamar kwamfuta. Duk zafin da ta haifar a ciki, ta jikinta yake fita, ta bayanta da gilashinta, ya bi iska. In iskar da kanta wuta ce, ko kuma an lulluɓe wayar cikin riga mai kauri, zafin ba shi da hanyar fita, sai ya taru.

Wanda ya fi cutuwa shi ne batir. Wayoyin zamani suna aiki da batir mai sinadarin litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Yana riƙe wuta mai yawa a ɗan ƙaramin jiki, amma ba ya shiri da zafi. Duk sa'ad da ya gasu, wani abu na ƙarfinsa ya tafi ke nan, ba ya dawowa ko da wayar ta huce. Shi ya sa za ka ga waya ta shekara guda kacal, amma cajin da ke kai ta dare yanzu ko azahar ba ya kaiwa.

Wuta uku da ke haɗuwa

Zafin waya daga wuri uku yake zuwa. Na farko rana da iskar gari. Na biyu caji, domin duk batir da ke shan wuta sai ya yi ɗumi, balle da irin cajar nan mai saurin cikawa. Na uku aikin da wayar ke yi: kiran bidiyo, TikTok, ɗaukar hoto mai motsi, wasanni, taswira, raba intanet ga wasu, da neman rezo.

Kowane ɗaya shi kaɗai, waya tana iya jure masa. Matsalar ita ce a haɗa mata biyu ko uku lokaci guda. Misali, yaro ya jona waya a caji ƙarfe biyu na rana, a ɗaki mai rufin kwano, yana kwance kan katifa yana kallon bidiyo. Ko mai kabu-kabu ya ɗaure tasa a kan babur, rana na dukanta, tana jone da batirin babur, ga kiɗa na tashi. Wannan waya ba ta yi laifi ba in ta ɗauki zafi.

Maganar rezo tana buƙatar ƙarin bayani, don mutanen karkara ta fi shafa. In eriya tana nesa, waya sai ta ƙara ƙarfi kafin muryarta ta kai, kamar mai kiran wani daga wancan gefen gona. Wannan ƙoƙari yana cin batir, yana kawo zafi. Shi ya sa waya ke ɗumi a aljihu ba a ma taɓa ta ba, in an shiga daji ko ana cikin mota tsakanin gari da gari. In layi biyu ne a ciki, kamar yadda ƴan bakin iyaka ke haɗa na Nijar da na Najeriya, kuma ɗaya ba ya samun rezo, to wahalar ta ƙaru.

In ta riga ta yi zafi, me za a yi nan take?

Da farko cire ta daga caji. Sannan tuɓe mata rigarta ta roba ko ta fata. Rufe duk abin da ke aiki, in da hali ma a kashe ta gaba ɗaya. A ajiye ta a inuwa, inda iska ke ratsawa, bisa abu mai tauri kuma busasshe: daɓen siminti, tebur, ko tiren ƙarfe da ba ya cikin rana. A ba ta minti 15 zuwa 20. Fifita da mafici ko sa ta gaban fanka yana taimakawa.

Abin da ba a yi kuma: ba a sa ta cikin firiji, ba a ɗora ta kan ƙanƙara, ba a naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ba a jingina ta da randa mai naso. Kun ga yadda gorar ruwan sanyi ke yin gumi in an fito da ita? Haka raɓa ke taruwa a cikin waya in an sanyaya ta farat ɗaya, kuma ruwa a cikin waya ya fi zafin illa. Garin neman gira kar a rasa ido.

In waya ta rubuto cewa ta yi zafi, ta dakatar da caji, ta rage haske, ko ta ƙi buɗe kyamara, ba lalacewa ta yi ba, kanta take karewa. Kar a matsa mata, a bar ta ta huta.

Gano inda ciwon yake

Likita ba ya ba da magani sai ya taɓa wurin ciwo. Kai ma shafa wayar ka ji ina ne ya fi zafi.

In sama ne, kusa da kyamara, a yawancin wayoyi nan ƙwaƙwalwarta take. Ke nan aiki ne ya yi mata yawa, ko wata manhaja, ko neman rezo.

In ƙasa ne, wajen ramin caji, ko kan cajar ce ke ƙona hannu, to a tuhumi caja, igiyarta, ko dattin da ya toshe ramin.

In tsakiyar bayanta ne, inda batir yake kwance, kuma ko ba a aiki da ita tana zafi, to batir ne abin zargi.

Ga gwaji mai sauƙi. Sa wayar a yanayin jirgin sama, abin da ke rubuce Mode avion a wayoyin da ke kan Faransanci, ka ajiye ta a inuwa rabin awa ba caji. In ta huce, lafiyarta lau, rezo ne ko intanet. In ba ta huce ba, kashe ta ka sake kunnawa, sannan ka shiga Paramètres, ka taɓa Batterie, ka duba manhajar da ta fi shan wuta. In ka ga wadda ba ka sani ba, ko wadda ba ka buɗe ba amma tana kan gaba, goge ta. In kuwa waya a kashe take amma tana ɗumi, ko tana yin zafi sosai da zarar an jona ta ko da an canja caja, wannan ya wuce gyaran gida, sai wajen mai gyara.

Gyaran da ba ya cin ko dala

Rage hasken gilashi. Shi ne ɗaya daga cikin manyan masu shan batir, kuma a tsakar rana waya takan ƙure shi da kanta. In za ka duba saƙo, matsa inuwa.

Kashe abin da ba ka buƙata a lokacin: intanet, Bluetooth, mai nuna wurin da kake, da raba intanet. In za ka gona ko kiwo inda ka san ba rezo, sa ta a yanayin jirgin sama, ka buɗe in ka hau tudu. In 4G tana zuwa tana ɗaukewa a garinku, mai da wayar kan 3G ko 2G ya fi mata sauƙi. Layin da ba ya kamawa a inda kake, rufe shi daga cikin Paramètres.

A yi hattara da manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya, ko waɗanda ake zuba wa mutum a kasuwa haɗe da waƙoƙi da finafinai. Wasunsu suna aiki a ɓoye dare da rana, suna jawo talla, suna cin kuɗin intanet. Irin su GB WhatsApp ba daga kamfanin WhatsApp suka fito ba, kuma kamfanin ya yi gargaɗin yana iya rufe lambar mai amfani da su. Haka manhajojin da ke cewa suna sanyaya waya, masu nuna hoton fanka ko ƙanƙara: ba wata fanka a ciki, ƙarin aiki ne kawai suke ɗora mata. A ɗauko manhaja daga Play Store, a kuma sabunta waya in ta nema, amma da dare ko da sassafe, don sabuntawar kanta tana sa ɗumi.

Ramin caji kuma, ƙurar hunturu da zaren aljihu suna cika shi, har kan igiya ya kasa zama daidai, wurin ya dinga zafi. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace na icce ka fito da dattin a hankali. Ban da allura, ban da reza, ban da duk wani ƙarfe.

Wurin ajiya ma a lura. Gaban mota ƙarƙashin gilashi, akwatin babur, bakin taga, kan buhu a kasuwa, kusa da murhu ko tukunyar mai tuya, duk wuraren kashe batir ne. Uwargida, in za ki girki, bar ta a ɗaki.

Maganar caji

A nan ne aka fi yin ɓarna. Mun san halin da ake ciki: kuran yana zuwa yana ɗaukewa, ƙauyuka da yawa ma babu shi sam, sai sola ko gurup ɗin mai caji. In wuta ta samu, kowa rige-rige yake. Duk da haka akwai abin da ke hannunmu.

A yi caji lokacin da gari ya yi sanyi, da asuba ko bayan isha'i, in an samu zaɓi. Masu sola da ba su da babban batirin ajiya dole da rana za su yi. To faifan ne ke son rana, ba wayar ba: a ja igiya, faifai a waje, waya a inuwa.

Kar a yi aiki da waya tana caji, musamman kiran bidiyo da kallo. A tuɓe mata riga. Kar a sa ta ƙarƙashin matashin kai, cikin bargo ko kan katifa, a ɗora ta kan abu mai tauri, nesa da labule, kara, da kwalaben man fetur.

Ba dole ne sai ta kai 100 ba, kuma ba a so a bar ta ta mutu ƙurmus kullum. Batirin litiyom ya fi daɗewa in yana yawo tsakanin kashi 20 da 80. Tsohuwar maganar nan cewa sai batir ya ƙare tas kafin a jona, ta batiran da ne, ba ta shafi na yanzu ba. Wanda sai ya yi tafiya kafin ya samu caji, ba laifi ya cika ta, amma a cire da zarar ta cika.

Caja kuma, araha ba ta ado. Aikinta shi ne ta karɓi wutar gida mai ƙarfin volt 220 ta mai da ita kusan volt 5 da waya ke sha. Jabun caja ba ta tace wutar da kyau, ba ta da abin kariya in wuta ta yi tsalle, kamar yadda ke faruwa in kuran ya dawo ko gurup na tangal-tangal. Alamominta: ba ta da nauyi, tana ƙara, tana zafi har ba a iya riƙewa, ko gilashin waya ya dinga taɓa kansa in an jona. Igiyar da ta ɓare aka ɗaure da leda, a yar da ita.

Ku kuma ƴan uwa masu sana'ar caji, amanar jama'a ce a hannunku. Kar a jibge wayoyi ɗaya bisa ɗaya cikin akwati ko durowa a rufe, kowace zafinta na dafa ƴar uwarta. A jera su a sarari, a inuwa. Wadda aka kawo da kumburi, a mayar wa mai ita, kar a jona, don in ta kama ba ita kaɗai za ta ƙone ba.

Alamomin da ba a jira

Akwai lokacin da zafi ya tashi daga damuwa ya koma haɗari. In bayan waya ya ɗago, ko gilashi ya fara rabuwa da jiki, ko ka ajiye ta kan tebur tana lilo ba ta kwanta daidai ba, batir ya kumbura. Iska ce ta taru a cikinsa saboda sinadaran sun lalace. Haka in ana jin wani wari kamar na sinadari, ko caji na faɗowa daga 40 zuwa sifiri farat ɗaya.

Irin wannan batir ba ya gyaruwa, sai canji. Kar a danne shi, kar a ɗaure wayar da roba a ci gaba da aiki, kar a sake yi mata caji. Wasu sukan huda shi da allura wai iska ta fita. Wallahi wannan ganganci ne: a cikin batir wata ƴar fata ce siririya ta raba ɓangarori biyu, in ta huje suka haɗu, wuta ce ke tashi nan take.

Kar a ce ƙananan wayoyi kaɗai abin ke samu. A 2016 Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7, kusan miliyan 2 da rabi a karon farko, bayan wasu sun kama da wuta, daga baya ya daina ƙera ta gaba ɗaya. Binciken da kamfanin ya bayyana a Janairun 2017 ya nuna aibin daga batir yake. In haka ta samu sabuwar waya daga babban kamfani, ina ga batirin da ya sha bazara uku ana gasa shi?

In waya ta fara hayaƙi, kar a ɗauke ta da hannu, kar a shaƙi hayaƙin. A fitar da yara, a kashe wuta daga soket in tana jone, a tura ta da sanda ko shebur zuwa fili, a rufe ta da rairayi. In wuta ta kama ɗaki, a birane lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18. Mataccen batir kuma ba a jefa shi cikin murhu ko bolar da ake ƙonawa, ba a bar wa yara su yi wasa da shi, a kai wa mai gyara.

In za a je wajen mai gyara

Kafin ka miƙa waya, cire layinka da katin ajiya, ka kwafe lambobin da ka fi buƙata a takarda, ka kuma tabbata lambar sirrin asusun kuɗinka ba ta rubuce a cikin saƙonni. Faɗa masa abin da ka lura: ina ne ke zafi, yaushe, da wace caja. Nemi a canja batirin a gabanka, lambar da ke jikin sabon ta dace da ta tsohon, kuma ku yi magana kan kwana nawa zai karɓa in bai yi ba. In an canja batir amma zafi bai daina ba, matsalar tana kan allon cikin waya. A nan sai a yi lissafi, in kuɗin gyara ya kusa na wata wayar, hakuri ya fi.

Saƙo ga ƴan uwa da ke waje

Ku da ke aiko wa iyaye da iyali waya, Allah ya saka da alheri, amma a haɗo da cajarta ta asali da igiya mai kyau. In ta hannu ce, a duba lafiyar batirin, in ya gaji a canja shi tun can. Wayar da ta yi shekara uku a Faransa ko Amurka ba ta san zafin Tawa ba. Wa tsoho ko tsohuwa da ke ƙauyen da ba wuta, ƙaramar waya mai maɓalli da ke kwana da kwanaki ba caji takan fi babba amfani. Mai tahowa ta jirgi kuma ya sani, fawa bank da batirin da ba ya cikin waya a jakar hannu ake riƙe su, ba a sa su cikin kayan da ake aunawa.

Sannan lokacin kira. Kiran bidiyo na awa guda da azahar, a garin da rezo ke da sanda ɗaya, yana gasa wayar Inna fiye da komai. A bari sai bayan magariba, ko a yi saƙon murya, ya fi sauƙi ga batir, ya fi sauƙi ga aljihu.

Abin riƙewa dai shi ne: rana, caji da aiki, kar a haɗa wa waya biyu a lokaci guda, balle uku. In kuma batir ya kumbura, a daina jinkiri. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma faɗa wa mai cajin unguwa. Allah ya kawo mana damina lafiya.